Malam Hanta ya miƙa makulli

Kafin masu shara su iso, Malam Hanta ya riga ya buɗe ɗakin gwaji. Zai zura farar rigar aiki da ta koɗe a gwiwar hannu, ya dafa firiza ya ji ko tana aiki, sannan ya wuce wurin fararen ɓerayensa. Ruwa tukuna, sai abinci, sai awo. Shayinsa kan huce a bakin taga bai tuna da shi ba. Haka muka same shi muna ɗaliban likitanci, haka muka bar shi, har makon jiya da ya yi ritaya.

Mu muka laƙaba masa sunan, don ko gaisuwa kuka yi da shi, a hanta za ku ƙare. A cikin hantar ma, abu guda ya ba rayuwarsa, wani sinadari mai suna glukokinas.

"Kun ci kun ƙoshi, sukari ya cika jini," in ji shi a aji. "Wa zai kwashe?"

Sai ya zana ƙwayar hanta a allo. Ya ce muddin mutum na jin yunwa, wannan sinadari yana ɗaure a can tsakiyar ƙwayar, wani furotin ya riƙe shi, don kada hanta ta wawushe ɗan sukarin da ƙwaƙwalwa ke buƙata. Da an ci abinci sukari ya hau, sai a sake shi. Ya kama sukarin da ya shigo, ya maƙala masa wani ɗan sinadari da ake kira fosfet, shi ke nan ba hanyar fita, sai dai hanta ta adana shi ko ta ƙona. Insulin kuma shi ke sa hanta ta ƙera ƙarin sinadarin. "Ba shi da zalama," Malam kan ce. "Sai abu ya wadata yake miƙa hannu. Ba kamar wasunku ba a ɗakin cin abinci."

Burinsa ya gano abin da zai zaburar da wannan sinadari a jikin masu ciwon sukari. Shekara da shekaru yana tara samfurin hanta a firizar nan. Wani dogon hutu aka ɗauke wuta, janareto ya ƙi tashi, ba wanda ya kira shi. Mai gadin sashen ya ba ni labari da bakinsa. Ya ce tun daga matakala wari ya tarbi Malam. Ya buɗe firizar, ya duba, ya rufe, ya zauna a ƙasa.

"Na ce masa, Malam sannu, Allah ya mayar da alheri. Can ya ce, Baba, ara mini bokiti. Shi ya wanke da hannunsa, ya hana kowa taɓawa."

Ya sake farawa, amma ƙarfi ya riga ya tafi. Maganin bai samu ba. Abokan karatunsa sun zama manya, ana kiransu taro ana tafa musu, shi kuwa yana nan da alli a yatsu.

Malam, kai kana ganin ka tashi a banza. To, ka saurara.

Bara wata uwa ta kawo mini 'yarta a asibiti, sukarinta ya ɗan haura. Uwar tana ta kuka, an gaya mata a unguwa cewa allura ce har abada. Yarinyar kuwa garau, ba ƙishirwa, ba rama. Na kira ka a waya. Ka ce, "Likita, kada ka yi gaggawa. Auna uban, auna kakar." Na auna, duk ukun iri ɗaya. Muka aika jini gwajin gado, ya tabbata glukokinas ɗinsu ne mai rauni tun haihuwa. Jikinsu na riƙe sukari sama kaɗan, ya tsaya nan, ba ya buƙatar allura. Uwar ta durƙusa tana yi mini godiya. Na ce ba ni ba ne, wani malami ne. Ta ce, "Wane malami?" Ban san ta inda zan fara ba.

Kai ne ka koya wa ɗaruruwanmu mu tsaya mu tambayi jiki dalili kafin mu ɗauki biro. Mai haƙurin manomi, shukarka ta fito a gonakin da ba ka taɓa takawa ba.

Ranar sallamarka mu ƙalilan ne. Ba mu gama shan lemo ba kafintoci suka shigo da ma'auni, za a yanka ɗakin a yi ofisoshi. Ba wanda ya nemi ya gaji aikin.

Shekaranjiya na je gidan Malam. 'Yarsa ta shigar da ni. Yana zaune a kujera, ƙafa ɗaya a kan matashi, an naɗe ta da bandeji. Ciwon da ya ƙare ƙuruciyarsa yana nema wa magani shi ne ya kama shi, ya daɗe yana ɓoyewa.

"Wa ya karɓi ɓerayen?" ya tambaye ni.

Na dubi 'yarsa, ta girgiza kai. Na ce ana kula da su.

"Ba ka iya ƙarya ba, tun kana ɗalibi," ya ce, ya yi ɗan murmushi.

Mun gode, Malam. Allah ya saka maka, ya sassauta maka. Ku kuma matasan da ke ɗakunan gwaji, ku riƙe ƙaramar tambayarku kamar yadda ya riƙe tasa, ko ba a tafa muku ba. Waɗanda suka zauna a ajinsa kuwa, ku je ku gaishe shi tun yana nan. In kun je, ku faɗi ko su wane ne ku tun daga bakin ƙofa. Idonsa ya daina gane fuska.