Tumakin Hamma a Ƙofar Kamfani

Yayana Hamma, in ka ba shi ruwa sai ya leƙa cikin kwanon kafin ya sha. Haka Allah ya yi shi. Tun tasowarsa kiwon tumaki yake yi a bayan Zango, kuma ko ni da muke ciki ɗaya ban san yawansu ba. Ya gaji wannan hali ne wurin babanmu, wanda ya sha gudun masu jangali. A gidanmu ba a ƙirga dabba a gaban baƙo, wai baki zai kama ta.

Sai ga wani kamfanin harkar kwamfuta ya zo ya gina hedikwatarsa a hanyar Daura. Ginin jar ƙasa ne, bango mai kauri, tagogi can sama don iska ta ratsa. Ko gawo ɗaya ba su sare ba, kewaye su suka yi da gini. Ruwan sama daga rufi yake gangarawa cikin wani tanki a ƙarƙashin ƙasa.

"Masu kuɗi da ginin ƙasa?" in ji Hamma. "Akwai abin da suke ɓoyewa."

Da bazara ta yi tsanani, ciyawa ta ƙare ƙaf a daji, tumaki suka fara zubewa. Rannan Firdausi, wadda ta zana ginin, ta zo har gida ta durƙusa ta gaishe shi. Ta ce ruwan da suke wanke faifan sola da shi ya fito da ciyawa a ƙarƙashinsu, su kuma ba sa son injin yanka mai shan fetur. Ya kawo tumakinsa su ci, su sha, su bar musu taki.

"A kyauta?"

"A kyauta, Baba. Sai dai akwai na'ura a ƙofa, tana ƙirga duk abin da ya shiga, don kada wata ta ɓace a ciki."

Tab! Ai nan ta ɓata. Da ta tafi na ce, "Haba Yaya, dabbobin nan mutuwa suke yi!" Ya ce yau a ƙirga, gobe a zo da takardar haraji, jibi a ce filin kamfani suka ɓata a kwashe su.

Sai ya yi dabara, wai shi mai wayo. Ya ware tsofaffi da guragu, waɗanda ko an ƙwace ba zai ji ciwo ba, ya kai kamfani. Manyan, masu ciki da raguna, ya kora su can wajen Mai'adua inda ba idon kowa. Wallahi na yi faɗa har muryata ta dushe, ko kallona bai yi ba.

Damina ta yi jinkiri. Guragun nan suka yi ɓul-ɓul a inuwar sola, na daji kuwa kullum sai an yanka wadda ta kasa tashi. Ranar da ya dawo da ragowar, na ga ƙasusuwansu a waje, na zauna na yi kuka.

Washegari ya kora su ƙofar kamfani da kansa. Firdausi ta fito da sauri, ta ga halin da suke ciki, ta gane tsoron ƙirga ne ya hana shi kawo su tun farko.

"Baba, in kashe na'urar kafin su shiga?"

Hamma ya dubi 'yan tumakin da suka tsaya a bayansa.

"Bar ta ta ƙirga, 'yata. Me ya rage?"