Ranar da Iya Ta Yi wa Audu Baftisma

Mun taso a wani ɗan ƙauye a fadamar Haɗeja, gidajen Kirista ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Da yamma, in an hura wuta ana bandar kifi, mukan zagaye kakata Iya mu ce ta zo mu ji ta. Tatsuniyoyinta na ban dariya ne, amma akwai labari ɗaya da in za ta fara shi sai ta ɗaure fuska ta ture itace cikin wuta da ƙafa.

A zamanin Turawa kakana, mijin Iya, shi ne mai bishara a ƙauyen. Shi ke wa'azi, shi ke koyar da karatu, shi ke binne matattu. Amma baftisma da Jibin Ubangiji, wato tsattsarkar gurasa da ƙoƙo da ake rabawa a coci, an hana shi taɓawa, domin ba a ɗora masa hannu an naɗa shi fasto ba. Sai an jira wani Baturen mishan da kan zo da rani kawai, Iya na kiransa Mai Jan Kunne.

Wata damina kogi ya yi ambaliya, hanya ta yanke. Ƙanin Iya, Audu masunci, ya kwanta ciwon ajali, yana ta roƙon a yi masa baftisma kafin ya tafi. Kakana ya zauna yana kuka, ya ce ba shi da izini. Har kakan nawa ya rasu Iya ba ta yafe masa wannan kukan ba.

"Ruwa har bakin ƙofa," in ji ta, "wai a rasa mai ɗiban tafin hannu ɗaya."

Sai ta ɗauki ƙwarya ta ɗebo, ta zuba wa Audu a ka da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Washegari ya cika.

Da ruwa ya janye Baturen ya iso a kan doki, ya ce abin da ta yi ba baftisma ba ne, kuma ai bangaskiya ke ceto, ba ruwa ba. Iya ta tambaye shi, in ruwan ba komai ba ne, me ya sa yake gadinsa haka? Ya hana ta cin Jibi. Da ya janye hukuncin ma, ita ta ƙi komawa.

Muna yara mun tsani Baturen nan kamar mun san shi. Da na girma na yi makarantar Littafi Mai Tsarki, na koyi dalilin tsarin naɗi, har ni ma aka ɗora mini hannu. Ranar na tafi wurin Iya cike da murna, na durƙusa na ce, a matsayina na fasto, na shaida baftismar Audu ta yi.

Ta dube ni sama da ƙasa, irin kallon da na tabbata ta yi wa Mai Jan Kunne.

"Kai ma ka zama su ke nan," ta ce. "Wa ya ce maka jiran izininku nake?"