Ranar da Sale Ya Tsaya a Tsakiyar Ruwa

Ku yaran yanzu, akwai ranar da har gobe ba ta fita raina ba. Farkon shekarun casa'in ne, dam ɗin Karaye bai daɗe da cika ba, ina masinja a sashen wasanni na ƙaramar hukuma. Aka ce jami'ai za su zo daga Kano su ɗauki mutum ɗaya da zai shiga gasar ninƙaya ta jiha. Tsarin shi ne zagaye biyu: na farko a tace, na biyu a fitar da gwani.

Namu shi ne Sale, ɗan Ruwan Bago, saurayin da gidansu ke ƙetarar da mutane rafi da damina. Kocinmu, Malam Tanimu, ya sha gaya masa, "Numfashinka da tutar ƙarshen tsere kawai, kada ka san da kowa."

Ranar ta zo, aka taru a bakin dam, aka busa usur. Sale na gaba, jama'a suka ɓarke da ihu. Kawai sai ya tsaya cak, ya ɗago kai yana waige-waige! Mutum biyu suka wuce shi. Da ƙyar ya tsallake zuwa zagaye na biyu.

Malam Tanimu ya tare shi a bakin ruwa. "Sale, me ya tsayar da kai?"

"Ranka ya daɗe, a wurinmu in aka yi ihu a bakin ruwa, wani ne ya nutse."

Ga zagaye na biyu ya matso, ga jama'a sun ƙaru. Sai Malam ya jawo hannuna.

"Ga Baba Audu. Zai tsaya kan dutsen can, idonsa na kan kowa. Mai nutsewa nasa ne, tuta taka ce."

Sale ya dube ni. "Baba, ka ɗauka?"

Na ce, "Na ɗauka, ɗana."

Ni da ko kududdufi ban taɓa shiga ba! Na hau dutse, ina ƙirga kawuna ina salati. Ihu ya fi na ɗazu. Daidai inda ya tsaya da farko na ga kafaɗarsa ta ɗan yi sanyi. Bai ɗago ba. Shi ya fara taɓa tuta, shi aka tafi da shi Kano.

Ranar na gane ba a ce wa ɗan wasa ya cire abu daga ransa. Sai dai a samo wanda zai riƙe masa.