Inuwar da Inna Gambi Take Sha

Shekara ashirin da biyu ina gadin wata makarantar sakandare a Dosso, kuma ba ranar da na tsana kamar ranar sakamakon jarrabawar bak, ta kammala sakandare. Ana tara ɗalibai a fili, a kira sunayen waɗanda suka ci ta lasifika, sauran kuwa ni nake ɗaga su daga ƙasa.

A nan na san Seyni mai gyaran rediyo. Yana ajin ƙarshe mahaifinsa ya rasu, ya ajiye littafi ya riƙe ƙannensa biyar. Sai da furfura ta fito masa ya koma, yana karatu a shago, yana zama jarrabawa da sa'o'in 'ya'yansa. Ni Bagobiri ne, shi Bazabarme, akwai wasa tsakaninmu, don haka ban raga masa ba.

Na ce, "Bawana, da wannan gemun? Takardar nan, likkafani za a yi maka da ita?"

Ya yi dariya. "Ubangidanka dai. Ba takardar ce ta dame ni ba. Ni ɗan fari ne. Tun da Inna ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa cewa yaya karatu ba. So nake a kira sunan nan da ƙarfi har ya je kunnenta."

Sau biyar yana zama, sau biyar lissafi yana kayar da shi. Yakan tsaya har a kashe lasifika, ya gyara hula, ya ce mini sai baɗi.

Abin da bai sani ba, ni na sani. Duk ranar sakamako mahaifiyarsa, Inna Gambi, takan zo da ƙwaryar kwaɗon zogale ta zauna gindin dogonyaro a bayan katanga, inda ba mai wucewa balle mai saye. Ba ta tashi sai an gama kiran sunaye. Shekara ta biyu na kasa haƙuri.

"Inna, wa zai sayi zogale a nan?"

"Inuwa na zo sha." Ta ɗago ta dube ni. "Kai Bagobiri, in ka faɗa wa wancan mai rediyon, ban yafe ba."

Na kama bakina shekara huɗu, abin yana cina. Ina ganin alkunyar nan tamu wani lokaci zalunci ce, amma wa ya tambayi maigadi?

Da damina, bayan faɗuwarsa ta biyar, zazzaɓi ya ɗauke ta cikin kwana uku. Bayan sadakar arba'in sai ga Seyni a bakin ƙofa da littattafansa a buhu, wai in raba wa ɗalibai.

Ya ce, "Wa zan yi wa kuma? Ta tafi ba ta ma san ina yi ba."

Na karya alkawari. Allah ya yafe mini, don ita ta riga ta ce ba ta yafe ba. Na ja hannunsa na kai shi gindin dogonyaron, na nuna masa dutsen da take zama a kai. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya saɓi buhunsa ya tafi.

Da shekara ta zagayo aka kira sunansa. Fili ya ɗauki tafi, ana ta waige, babu Seyni. Ni na san inda yake. Na zagaya bayan katanga na same shi a kan dutsen, hularsa a gwiwa.

Na ce, "Bawana, ka ci."

Ya ce, "Na ji." Ya share fuska da hannun riga. "Ashe ana ji sosai daga nan. Da ta ji."