Injin da Ba Ya Tsayawa

A shagon sayar da injinan kafintoci nake kallon wani mutum. Dogo ne, garin katako ya manne masa a gemu, ba ya ko ƙifta ido. Ya ɗora katako a injin matse kabad, ya danna maɓalli. Ƙarfen yana matsowa a hankali, katakon yana kuka har ya tsage, shi kuwa bai ɗaga yatsansa ba.

"Idan hannun mutum ya shiga, yana tsayawa?" ya tambayi mai shago.

"Wannan kam ba ya tsayawa, maigida. Wancan ne mai birki."

Wataƙila dogon yana da wani abokin aiki da suka daina gaisawa, kuma hannunsa yake tunani. Ban sani ba. Na dai ji ya ce, "Wannan ɗin za a loda mini."