Ranar da Inna ta zama odar mota

Motata tsohuwa ce da ta gama yayinta a Turai kafin ta iso hannuna, kuma da littafinta ta zo, rubutunsa duk Jamusanci. Ni da ko Faransancin lakwal, wato na makarantar boko, da kyar nake haɗa shi, sai na tura littafin cikin akwatin gaba na manta da shi.

Wata Laraba da hantsi naƙuda ta kama matata a ƙauyenmu na wajen Bazaga. Haihuwar fari ce, ungozoma ta duba ta ce wannan sai asibitin Konni. Muka kwantar da ita a baya, mahaifiyata, Inna, ta riƙe mata kai.

Ba mu yi nisa ba allurar zafi ta haye ja. Na tsaya na buɗe gaban mota. Ruwa na nan a lagireto, amma fanka ta yi tsit. Babu gareji, babu mota mai wucewa, sai amalanken jaki. Tsoro ya kama ni sosai.

"Kai wanga, mi ya hwaru?" in ji Inna. "Ɗiyar mutane tana shan wuya, kai kana kallon ƙarhe!"

Sai na tuna da littafin. Na yi ta buɗawa ban gane ko kalma ɗaya ba, har na kai shafin da aka zana akwatin fiyus, waɗannan 'yan ƙananan abubuwa masu launi da ke tsinkewa idan wuta ta yi yawa. Kowane gurbi da ɗan hotonsa: ga fitila, ga ƙaho, ga fanka da fukafukanta. Wannan kam ba ya bukatar Jamusanci. Na bi zanen da yatsa, na zare na fanka, na ɗaga shi a rana. Ya tsinke.

Ba ni da wani. Na duba sauran, shuɗi irinsa ɗaya ne tak, na gurbin ƙaho, wato na oda. Na cire shi na soka a gurbin fanka, na tayar da mota. Fanka ta ɗauka. Wallahi ban taɓa jin ƙara mai daɗi kamar wannan ba.

Sai dai Laraba ce kasuwar Konni. Muna shiga gari muka tarar da shanun Fulani sun cika hanya, ga babura, ga amalanke. Na danna oda, shiru.

Inna ba ta tambaye ni komai ba. Ta zuge gilashi, ta fito da kai har kafaɗa.

"Ku kauce! Mai naƙuda muka ɗauko! Kai mai sanda, kore bisasshenka!"

Tun ina yaro nake jin kunyar muryar Inna, don idan ta kira ni daga gida har gona ana ji. Ran nan makiyaya suka yi ta kaɗa shanu gefe, wani mai babur ya shiga gabanmu yana buɗa hanya har ƙofar asibiti.

Kafin la'asar aka fito aka ce mace ce, uwa da ɗiya lafiya. Na zauna a ƙasa ina hamdala. Daga ciki jaririyar ta tsala kukan da ya cika baranda.

Inna ta matso kusa da ni, muryarta ta dushe, da kyar take fita.

"Ka ji ta ko?" ta ce. "Tawa ta ɗauko."