Yadda Kakana Ya Koya Mini Cafe Kankana

Jiya malamin kimiyya ya ce abu mai nauyi in ya taho da gudu, ka tsayar da shi farat ɗaya, bugunsa ya fi ƙarfi. Na tuntsire da dariya, don marigayi kakana ya riga shi faɗa, shi da bai taɓa riƙe alli ba.

Ranar da aka kawo kankana daga fadamarsa ta Shinkafi, yana bisa amalanke yana jefowa. Ya ɗaga wata, na rantse ta kai ɗan maraƙi.

Ya ce, "Amaryata, in kin cafe, taki ce ke kaɗai."

Na ƙame kamar soja. Ta doke ni a ƙirji, na zauna daɓas, ta tarwatse. Yayyena suka wawashe, har kaji sun samu rabo.

Ya sauko yana share hawayen dariya, hannunsa na ƙamshin ɗanyar ƙasa. "Ba a yi wa mai nauyi taurin kai. Bi ta ƙasa da hannu, a hankali, har ta gaji."

Ya jefo ta biyu. Na bi ta, ta kwanta mini kamar jaririya. Shi kaɗai na yanka wa.

Ya Allah, Ka karɓe shi da irin wannan sassauci.